Bin Sawun Waƙoƙin Alhaji Umaru Karaci daga Zangon Kumasi

Alabar unguwa ce ta ciniki a tsohon Zangon Kumasi, ba nisa da babbar kasuwar birnin. Wanda ya tsaya a can da hantsi ya kasa kunne, Hausa zai fi ji a bakin mutane, alhali masu maganar ba duka ne Hausawa ba. Akwai Dagwambawa da Mosawa da Zabarmawa da Fulani da mutanen Gwanja, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ta haɗa su a ciniki da gaisuwa da wa'azi. Ɗalibin da ya tashi a Nijeriya ko Nijar yakan ɗauka cewa Hausar Gana ta kasuwa ce kawai, ba ta da rabo a adabi. Wannan kuskure ne. A ƙasar nan ne ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa ya shafe fiye da shekara arba'in yana rubutu yana koyarwa, a nan kuma ya cika. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano wajajen 1858, ya rasu a Kete-Karaci a 1934.

Sai dai wanda ya buɗe wayarsa a yau ya rubuta wannan suna a intanet, da wuya ya faɗa kan abin da yake nema kai tsaye. Ayyukan malamin a warwatse suke. Wasu suna Barlin, wasu suna Legon kusa da Akra, wasu an buga su a Warso, wasu kuma suna naɗe cikin gafakar jikokin almajiransa a zangunan Gana. Hannuwa daban-daban ne suka kwashe su a lokuta daban-daban, kowane da dalilinsa, kowane kuma da irin sunan da ya kira marubucin. Wanda bai san waɗannan hannuwa ba zai yi ta lalube a cikin duhu. Wanda ya san su, ya riga ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Daga Kano zuwa Salga

Mahaifinsa Abubakar asalinsa mutumin Kabi ne, malami kuma farke mai bin hanyar Gwanja neman goro. Shi ya sa a rubuce-rubucen Larabci ake jingina Umaru ga Kabi da Kano a lokaci guda. Ya yi karatun allo da na littattafai a Kano, ya ƙaro ilmi a wajajen Sakkwato da Kabi. Tun yana matashi, a 1877, ya tsara wani ɗan littafi na Larabci a kan yadda ake rubuta wasiƙa, mai suna Al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wathiƙa. Littafin samfuran wasiƙu ne, irin wanda fatake da sarakuna ke buƙatar malami ya riƙe, kuma ya nuna tun da wuri cewa alƙalamin mutumin nan yana kallon harkokin duniya, bai tsaya ga zaure kaɗai ba.

Salga, wadda Turawa ke rubutawa Salaga, ita ce makomar ayarin goro. Ayari kan tashi daga Kano da tufafi da kanwa da fatu, ya ratsa Yawuri da Borgu, ya yi watanni a hanya kafin ya isa. Daga dajin Ashanti ake kawo goro nan, daga nan kuma ake ɗora shi a jakuna zuwa ƙasar Hausa. Amma lokacin da Umaru ya zauna a garin, tauraruwar Salga ta fara dusashewa. A 1874 sojojin Ingila suka ƙona Kumasi, Salga ta ɓalle daga ikon Ashanti, Ashanti kuwa suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Sannan a ƙarshen 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, Kabachewura Isifa ya kori Kpembewura Napo, garin ya watse. Malamai da attajirai suka bazu zuwa Yeji da Kintampo da Kete-Karaci da wasu garuruwa. Umaru ya ga wannan da idonsa, ya kuma rubuta shi cikin waƙoƙin Larabci biyu waɗanda har yau masana tarihin Gwanja ba sa iya tsallake su. A wajajen 1896 ya tare a Kete-Karaci, a bakin kogin Bolta, cikin yankin da Jamusawa suka kama suka kira Togo. A can ya zama limami, a can ya kafa makarantarsa. Ya yi aikin hajji wajajen 1913, ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannun Alfa Hashim a Madina, ya komo ya ci gaba da koyarwa har ƙarshen rayuwarsa.

Hannun Jamusawa

Bature na farko da ya amfana da alƙalaminsa shi ne Gottlob Adolf Krause, wanda mutanen Salga suka sani da Malam Musa. Krause mutum ne mai saɓa wa danginsa: yana jin Hausa sosai, yana yawo ba tare da sojoji ba, ya kuma yi ta sukar gwamnatin ƙasarsa a kan yadda take kau da kai daga cinikin bayi a Togo. A zamansa na Salga ya sa malamai, ciki har da Umaru, sun rubuta masa labarai da tarihi da waƙoƙi cikin ajami. Takardun nan suka ƙare a babban ɗakin karatu na gwamnati a Barlin, kuma a 1928 aka buga hotunan wasu daga cikinsu a mujallar makarantar koyon harsunan gabas ta birnin, wadda ake taƙaita sunanta da MSOS. Ɗalibi ya riƙe waɗannan baƙaƙe huɗu, domin zai yi ta cin karo da su.

Na biyu, wanda ya fi kowa kwasa, shi ne Adam Mischlich. Da fari ɗan mishan ne, daga baya ya shiga aikin mulkin mallaka ya zama jami'in da ke riƙe da Kete-Karaci. Ya zauna gaban Imam Umaru ya koyi Hausa, kuma ƙamusunsa na Hausa da Jamusanci, wanda ya fito a 1906, da ƙyar za a raba shi da wannan zama. A kan buƙatarsa ne Umaru ya rubuta zube mai yawa cikin Hausa: tarihin Kabi da na wasu ƙasashe, bayanin aure da haihuwa da mutuwa, noma da rini da saƙa da ƙira, fatauci da bauta. Mischlich ya buga wani sashe a MSOS tsakanin 1907 da 1909, ya buga wani a littafinsa na 1942 a kan sana'o'in tsakiyar Sudan. Abin da ya rage ya koma hannun Heinz Sölken, wanda ya fitar da tarihin Kabi daga bakin Imam Umaru a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960.

A nan akwai abin lura ga mai nazarin adabi. An saba koyar da cewa zuben Hausa ya tsaya da ƙafarsa ne da gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da 'yan'uwansu. Wannan gaskiya ne idan ana maganar ƙagaggen labari cikin boko. Amma shekara talatin kafin nan, wani Bakano yana zaune a bakin kogin Bolta yana cika shafuka da Hausa tsantsa, yana bayyana yadda ake haɗa baba a marina da yadda madugu ke tsara ayari. Ba shi kaɗai ba ne ma: tatsuniyoyi da al'adun da R. S. Rattray ya buga a 1913 wani Malam Shaihu ne ya rubuta su cikin ajami, shi ma a wannan ƙasa. Zangunan Gana sun yi wa zuben Hausa hidimar da ba a cika ambata ba a azuzuwanmu na jami'a. Shi kansa Rattray ya sadu da Alhaji Umaru, kuma a 1934 ya buga wani sashe na fassarar da malamin ya yi wa waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa.

Abin takaici a wannan babi shi ne, sunan da ke bangon littattafan nan ba na Umaru ba ne. Wanda ya nemi sunansa a rumbun Internet Archive, inda tsofaffin littattafan Jamus da dama suke kyauta, ba lalle ya ga komai ba. Sai ya nemi Mischlich, ko Krause, ko Rattray, sannan ya buɗe ciki ya tarar da Hausar malamin tana jiransa.

Hannun almajirai, da rabon Kumasi

Turawa sun fi kwasar zube, domin bayanin ƙasa suke so. Waƙoƙi kuwa ta wata hanya suka bi. Almajiri kan zo Kete-Karaci ya yi shekaru, ya kwafi waƙar malam da hannunsa, ya haddace ta, ya koma garinsu da ita. Shi ma almajiransa su kwafa daga tasa. Ta haka waƙoƙin suka isa Yendi da Tamale da Kintampo da Akra da Kumasi ba tare da sun ga injin ɗab'i ba.

Zangon Kumasi ya bunƙasa daidai lokacin da makarantar Umaru take tashe. Musulmi sun daɗe a birnin. Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820 sun tarar da malamai masu rubuta wa Sarkin Ashanti wasiƙu da layu, kuma wani ƙunshin takardun Larabci na Kumasin wancan zamani yana ajiye a ɗakin karatu na masarautar Denmak a Kwafanhagan. Amma zangon da aka sani a yau ya samo asali ne bayan Ingilishi sun shiga birnin a 1896, suka murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1903. Sojojin Hausa da suka ajiye aiki, da fataken goro, da leburorin gonakin koko daga arewa, duk suka taru. Cinikin da Salga ta rasa, Kumasi ce ta gaje shi, kuma inda dukiya ta tafi can malamai ke bi. A shekarun 1920 Sarkin Zangon Kumasi shi ne Malam Sallau, Bakatsine, wanda ake lissafawa cikin almajiran Alhaji Umaru. Malamin ya yi masa waƙar yabo da Larabci, inda ya ambace shi da cikakken sunansa, Husaini ɗan Yaƙubu. Wanda yake son sanin yadda siyasar zangon take a zamanin Sallau, da yadda ƙabilu suka yi ta jayayya a kan ikon Sarkin Zango, sai ya nemi littafin Enid Schildkrout na 1978, People of the Zongo, wanda kacokan a kan Kumasi aka rubuta shi.

Me ke cikin waƙoƙin da suka sa mutane suka riƙa kwafa? Uku daga cikinsu a kan zuwan Turawa suke: biyu da Larabci, a 1899 da wajajen 1900, ta uku da Hausa a 1903, wadda aka fi sani da Waƙar Nasara. Yana jero garuruwa da sarakunan da aka ci, daga yamma har gabas, yana ambaton su Samori da Rabe, kamar mai ƙirga gawawwaki bayan annoba. Wanda ya karanta ukun a jere zai ga murya tana sauyawa. Ta farko zafi ne da kaɗuwa. Kafin a kai ga ta Hausa, wadda ta zo a shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, mawaƙin ya zama mai kallon abin da ya riga ya tabbata, yana auna ƙarfin baƙin da tsoron da suka cusa, yana kuma miƙa al'amari ga Allah. Ba a fahimtar mutumin da waƙa ɗaya, musamman idan aka tuna cewa wanda ya rubuta su yana zaune lafiya da jami'in Jamus yana koya masa Hausa.

Waƙar Talauci da Wadata ita ce wadda ɗalibin Hausa zai fi jin daɗi. Tana kwatanta yadda jama'a ke wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya da asali, da yadda suke rusuna wa mai dukiya ko da ba shi da ko ɗaya. Cike take da sunayen abinci da tufafi da sana'o'i, har ta zama taskar kalmomi ga mai son Hausar ƙarni na 19. Akwai kuma Tunkuyau, waƙar Larabci mai sunan Hausa, a kan murar da ta kashe mutane a duniya a 1918 da 1919, inda ya bi alamomin ciwon ɗaya bayan ɗaya. Ga marsiyyoyi, ga waƙoƙin zuhudu, ga raddi ga wani mai wa'azi da ya zo yana ruɗa jama'a.

Legon

Ba don wani aiki da aka yi a farkon shekarun 1960 ba, da yawancin waɗannan sun tsaya a gafaka har gara ta cinye su. Jami'ar Gana ta kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Legon a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a 1963, Thomas Hodgkin ne daraktanta na farko. Shi da Ivor Wilks suka ɗauki aniyar tattara rubuce-rubucen Musulmin ƙasar. Wanda ya yi wahalar tafiyar kuwa shi ne Alhaji Usmanu Isiyaka Boyo na Kintampo, wanda malamai suka yarda da shi har suka ba shi aron takardun iyayensu. Tsarin da aka bi mai kyau ne: a karɓi aro, a ɗauki hoto, a mayar wa mai abu da abinsa. Kowace takarda aka ba ta lamba da ke farawa da IASAR, aka rubuta sunan mai ita da garin da aka samo ta. Ɗaruruwan takardu aka tara ta haka, kuma ayyukan Alhaji Umaru suna da kaso mai tsoka a ciki.

Aikin ya zo a kan gaɓa. A 1965 aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo, tafkin Bolta ya cika, tsohon garin Kete-Karaci ya nutse, aka mayar da mutanensa sabon matsuguni. Titunan da malamin ya taka da unguwar da ya koyar suna ƙarƙashin ruwa.

Ga mai bincike, ma'anar wannan tsari biyu ce. Ta farko, lambar IASAR ita ce mabuɗi. Duk masanin da ya yi rubutu a kan waƙoƙin nan da ita yake nuni, kuma jerin takardun ya fito a mujallar cibiyar, Research Review, wadda tsofaffin fitowarta suke a intanet ta hannun Jami'ar Jihar Mishigan. Akwai kwafin tarin a ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Ta biyu, wadda aka fi mantawa, ita ce asalin takardun ba su bar gidajen masu su ba. Abin da ke Legon hoto ne. Takardar da aka aro daga wani malamin Kumasi a 1963, Kumasi ta koma.

Daga wannan tari ne Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warso ya fitar da Waƙar Talauci da Wadata a 1974 da Waƙar Nasara a 1975, a mujallar Africana Bulletin, da matanin Hausa da fassara. Ya rubuta littafi guda a kan mawaƙin da harshen Polan a 1981, sannan a 2000 ya buga zuben ajamin da ya rage daga tarin Mischlich da Sölken. B. G. Martin ya fassara waƙoƙin yaƙin Salga a littafin Braimah da Goody na 1967. Douglas Ferguson ya mayar da zuben da Mischlich ya tara zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na 1973 a Los Anjalis, inda ya kira malamin Imam Imoru. M. B. Duffill ya sake nazarin waƙar talauci a mujallar History in Africa a 1986. Muhammad al-Munir Gibrill ya yi kundin digiri a Jami'ar Indiyana a 2015 a kan waƙoƙin zuwan Turawa guda uku. Jerin ayyukansa mafi cika kuwa yana cikin juzu'i na huɗu na Arabic Literature of Africa, wanda John Hunwick ya shirya ya fito a 2003. Da wannan jeri ya kamata a fara, domin shi ke faɗin inda kowane kwafi yake.

Tarkon suna da tarkon rubutu

Mutum ɗaya ne, amma sunayensa a fihirisa sun fi yatsun hannu. Jamusawa sun ce Imam Umaru. Ferguson ya ce Imam Imoru, yadda mutanen arewacin Gana ke furtawa. Piłaszewicz ya ce Alhaji Umaru. Masu Larabci suna cewa al-Hajj Umar bin Abi Bakr, su ƙara al-Salgawi ko al-Kabawi ko al-Kanawi. A Nijeriya an fi jin Umaru Salga. Garin ma haka: Kete-Kratschi a Jamusanci, Kete Krachi a Ingilishi, Kete Krakye a rubutun mutanen ƙasar. Wanda ya rubuta Umar Karachi, birnin Pakistan za a kawo masa. Wanda ya rubuta Alhaji Umar kawai, Shehu Umarul Futi zai samu, mai jihadin ƙasar Segu da ya rasu a 1864. Abin da ke ƙara rikita mai karatu shi ne, Alfa Hashim da ya ba Umarun Karaci ɗariƙa ɗan ɗan'uwan wancan Umarun ne, don haka sunayen biyu sukan haɗu a shafi guda. Akwai kuma Umaru Falke na Kano, wanda tarin littattafansa ke Northwestern ɗin nan dai. Shekarar rasuwa, 1934, ita ce ta fi saurin raba gardama.

Rubutun Hausar ma yana da nasa tarko. Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su zauna a boko ba sai a shekarun 1930, saboda haka babu su a littattafan Mischlich, kuma har a fihirisan yau waka ake rubutawa. Jamusawa sukan rubuta sautin sh da s mai alama a kai, c kuma su haɗa t da wannan s ɗin, Ingilishi na da kuma ch suke sawa. Kalma ɗaya kamar talauci tana iya ɓuya ta fuska uku. Waƙoƙin Larabci da yawa ba su da take, da kalmomin farkon baitin farko ake kiransu a fihirisa.

Idan aka kai ga ajamin kansa, rubutun Magariba ne irin na allo: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, wasalin e kuma da ɗigon imala a ƙarƙashin baƙi, bisa ruwayar Warshu. Ba a raba b da ɓ a mafi yawan takardu, kuma o da u sukan zo da alama guda. Ma'ana ce ke raba su, shi ya sa editoci biyu kan karanta ɗango ɗaya su fito da kalmomi biyu. Shekara kuma sau da yawa da ramzi ake bayar da ita, bisa lissafin abajada na Magariba, inda shinun take 1000, sinun take 300. Wanda ya yi lissafi da tsarin gabas zai ɓata da ɗaruruwan shekaru. Ko an warware ramzin, sai a duba: shekarar da aka tsara waƙar ce, ko wadda mai kwafi ya gama kwafinsa? Waƙar 1321 ta Hijira, wato 1903, tana iya zuwa cikin takardar da aka rubuta bayan shekara arba'in, da baitocin da suka ƙaru ko suka ragu a hanya. Kwafi biyu na waƙa ɗaya ba safai suke zuwa daidai ba, kuma bai halatta ɗalibi ya ce mawaƙi ya ce kaza ba tare da ya faɗi daga wane kwafi ya ɗauko ba.

Maganar murya

Duk abin da aka ambata zuwa nan takarda ne, alhali rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa aka yi ta. Boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, kuma da tsawon gaɓa ake gane bahari. Ɗangon da ya yi kamar ya karye a shafi, mai rerawa kan ja wani wasali ko ya haɗiye wani, sai ga shi ya miƙe. Wanda bai taɓa jin an rera waƙa ba yana iya ɗora wa mawaƙi laifin da na mai kwafi ne, ko na edita.

Zamanin Alhaji Umaru ya riski garmaho. A 1928 wasu makaɗa uku da ake kira Kumasi Trio, ƙarƙashin Jacob Sam, suka je Landan kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙinsu a faifai, kuma ana iya sauraronsu a intanet yau. Kamfanonin faifai abin da zai sayu a kanti suke bi, malamin zaure kuwa ta almajirai yake yaɗa nasa. Idan aka kwatanta da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sai a ga al'amarin a juye: Shata murya ya bari a faifai da kaset da rumbunan gidajen rediyo, masu nazari suka bi suna mayarwa takarda. Umaru takarda ya bari da almajirai, kuma karin da ake rera waƙoƙinsa da shi yana tafiya ne daga baki zuwa kunne.

Saboda haka duk muryar da aka ci karo da ita a YouTube ko Facebook ko WhatsApp an liƙa mata sunan malamin, tambayoyi ne ya kamata su fara zuwa kafin murna. Wa ya rera? A wurin wa ya koya? Daga wace takarda yake karantawa, ko da ka yake yi? Mai rerawa ɗan Kumasi zai shigo da Hausar Gana cikin furucinsa, wadda ta sassauta bambancin namiji da mace a nahawu, ba ta kuma cika raba k da ƙ ko d da ɗ ba, alhali marubucin Bakano ne mai jinin Kabi. Wannan ba aibi ba ne, shaida ce ta hanyar da waƙar ta bi, amma dole mai nazari ya san da ita kafin ya kafa hujjar lugga ko ta karin harshe a kan abin da ya ji.

Jami'ar Boston, a rumbunta na ajamin Afirka da Fallou Ngom ya jagoranci kafawa, ta nuna yadda ake ɗora hotunan takardun Hausa a intanet kowa ya gani kyauta, da bayanin mai takarda da inda aka same ta. A Legon kuma akwai rumbun sauti mai sunan J. H. Kwabena Nketia, wanda ke adana kiɗa da waƙoƙin Gana tun daga shekarun 1950. Ɗalibin da ke zaune a Alabar ko Aboabo ko Sabon Zango yana da abin da waɗannan cibiyoyi suke kashe kuɗi su zo nema: yana jin harshen, ya san zaurukan, ya san yadda ake durƙusawa a gaida malami kafin a roƙi ganin takarda. Idan dattijo ya yarda ya buɗe gafaka, abin da ake buƙata bai wuce waya mai caji da izinin mai abu ba. A ɗauki hoton kowane shafi har da na ƙarshe, inda mai kwafi ke rubuta sunansa da ranar da ya gama. A ɗauki rerawar daga basmala zuwa addu'ar rufewa ba tare da yankewa ba. A farkon ɗaukar kuma a bar mai rerawa ya faɗi sunan malamin da ya koya masa, da na malamin malaminsa, har inda ya iya kaiwa, sannan a duba lambar IASAR ta waƙar a gwada baiti da baiti.